Daren Da Na Nemi Jijiya

Daren Laraba, ruwa na zuba a Tudun Wada,
wuta ta ɗauke, sai fitilar waya a hannun Rahila.
Na kama hannun jaririn da bai cika awa uku a duniya ba,
na nemi jijiya.
Na soka sau ɗaya, na soka sau biyu,
a na uku yatsuna suka ɗauki rawa.
Rahila ta ce, "Mama, kawo in gwada."
Tashi ɗaya ta samu, ko numfashi ba ta sauya ba.
Ni na koya mata, shekara shida baya.

Da asuba na koma Gyallesu, ko koko ban kurɓa ba.
Na ɗauko littafin da nake rubuta zubin adashi,
na juya bayansa, na ari fensirin jikata.
Saura shekara biyu da wata huɗu in cika talatin da biyar.
In na daure, fanshon zai ɗan yi tsoka.
In na daure, jijiyar ɗan wa zan kuskure gaba?

Yaya Barau ya taso daga Samaru a kan tsohon babur,
bai gama cire takalmi ba ya fara:
"Hansatu, kada ki saki reshe ki kama ganye.
Ni giratuti sai da na shekara uku ina sintiri,
tayar nan sau biyu na sauya ta a hanyar Kaduna."
Na zuba masa kunun tsamiya, na bari ya sha.
Na ce, "Yaya, gara in fito daga ɗakin haihuwa da ƙafata
da wata uwa ta fito hannu rabbana saboda ni."
Ya daɗe yana kallon ƙasan kofi, bai tanka ba.

To, ga abin da fensir ya faɗa:
gidan nawa ne, ko da kusurwar gabas tana yoyo da damina.
Masara buhu biyu daga Giwa, in an saya da kaka.
Zogale da rama a bayan ɗaki, ba mai karɓar ko sisi.
Akuya uku, ɗaya da ciki.
Maganin hawan jini, wannan ba ciniki.
Nama ranar Juma'a kawai.
Ankon biki kuwa, na sallame shi har abada,
atamfofin da ke cikin akwatina sun ishe ni zuwa kabari.

Ran Litinin na miƙa takarda.
Akawun ya duba ta, ya dube ni, ya gyara tabarau,
ya ce, "Hajiya, wani ne ya ɓata miki?"
Na ce, "Idona ne, kuma ba da gangan ya yi ba."

Yau wata tara ke nan.
Fansho yakan zo kamar baƙon da bai san layin ba,
wani watan ya makara, wani watan ya kwana a hanya.
Na koyi zuwa kasuwa da la'asar sakaliya,
lokacin da tumatir ke sauke girman kai.
Na koyi barcin dare, abin da na manta tun ina budurwa.
Ranar da ta matse, akwai ɗanwake, akwai fate,
Bazazzagiya ba ta jin kunyar fate.

Jiya Sidi mai kayan miya ya cika min gyara har tana zuba.
Na ce, "Kai, za ka karye."
Ya ce, "Inna ta ce ke kika yanke min cibiya."
Ban tuna shi ba, sun fi dubu,
amma na karɓa.

Hannun yana nan da rawarsa, musamman da safe.
Yanzu tsakuwa nake tsincewa a faifan shinkafa.
In na kuskure ɗaya,
haƙorina ne zai ji.